Saƙar Jakar Ulu da Kwarashi da Yadda Ake Cure Ta

Jawabin da wani Jami'in Watsa Labarai na Tarayya ya yi wa taron mata masu sana'ar hannu a Kafanchan, Jihar Kaduna

 Na san akwai masu mamakin abin da ya kai namiji, ma'aikacin ofis, wanda aikinsa juya takardun gwamnati daga Turanci zuwa Hausa, ya tsaya gaban gwanayen saƙa yana maganar kwarashi. Gaskiyarku. Ban zo koya muku riƙon kwarashi ba, domin 'yar ƙaramar yarinyar da ke cikin ɗakin nan ta fi ni iya shi. Abin da ya kawo ni magana ce a kan zare, da kuma wata asara da aka yi a gidana, wadda ba na so a sake yin irinta a gidan kowa.

Shekarun baya maiɗakina ta ga hoton wata jaka. Saƙar kwarashi ce, amma ba a ganin idon saƙar ko kaɗan, ta yi kauri, ta yi sumul, ta tsaya da gindinta kamar an ƙera ta. Bayanin da ke ƙarƙashin hoton da Turanci yake, ni ne kuwa na fassara mata shi. Ya ce a saƙa jakar da ulu, a yi ta babba fiye da yadda ake bukata, sa'an nan a wanke ta da ruwan zafi da sabulu a yi ta cuɗawa har ta tsuke. Na tafi kasuwa na ce wa wani mai shago ya ba ni ulu mai kyau, ya ba ni ƙulli shida. Ta yi mako biyu tana saƙa, bayan aikin gida, wani lokaci har dare ya raba. Ranar wanki muka dafa ruwa, ta cuɗa, ta cuɗa, har hannunta ya yi ja. Jaka ba ta ragu ko da faɗin ɗan yatsa ba. Sai ma ta saki jiki, ta yi tsawo, ta koma kamar komar kamun kifi. Kuɗin zare ya tafi, aikin mako biyu ya tafi, kuma na sha kallon da ba sai na bayyana muku irinsa ba.

Da na zauna na bi sawun abin, sai na ga mai shago bai cuce ni ba. A Hausar kasuwa, duk zare mai laushi mai kauri da ake saƙa kayan sanyi da shi ulu ake ce masa. A Turancin da na fassara kuwa, kalmar tana nufin abu guda ne tak, watau gashin tunkiya. Laifin na mai fassara ne, wanda ya ɗauki kalma ya ajiye ta a inda ma'anarta ta riga ta canza. Mafi yawan abin da ake sayarwa da sunan ulu a kasuwanninmu, a Kafanchan ne ko Kaduna ko Kano, zaren roba ne wanda ake kira akirilik. Daga sinadaran man fetur ake yin sa. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya fito da shi kasuwa wajen 1950 da sunan Orlon, kuma tun daga nan ya bazu ko'ina a duniya saboda arha. Ko za a shekara ana dafa shi ana cuɗawa, ba zai curu ba.

Na ce "curu", bari in tsaya a kan kalmar, tun da kalma ce ta taɓa kayar da ni. Ba mu da suna tsayayye na wannan aiki a Hausa. Na zaɓi "curi" ne domin yadda mace take cura fura, ta tara gari mai warwatsewa ta mai da shi dunƙule guda, haka ake yi wa gashin ulu. Idan wata cikinku tana da kalmar da ta fi wannan dacewa, a harshenmu na Hausa ko a Tyap ko Jju ko Hyam, ina roƙo ta gaya mini bayan taro. Larabawa suna kiran ulun da aka cure "libd", kuma masana harshe sun ce daga nan ne muka samo kalmar lifidi, ko da yake lifidin dawakinmu da auduga ake cusa shi.

To, me ya sa gashin tunkiya yake curuwa, roba ba ta yi? Idan aka sa silin ulu guda a ƙarƙashin madubin likita mai ƙara girman abu, za a ga jikinsa ba santsi gare shi ba. Lulluɓe yake da ɓamɓaroki ƙanana irin na jikin kifi, dukansu sun kwanta suna fuskantar gefe guda, daga tushe zuwa baki. Sa'ad da ruwan ɗumi da sabulu suka shige shi, silin yakan kumbura ya yi santsi, bakin ɓamɓarokin kuma ya ɗan ɗaga. Da an fara cuɗawa sai kowane sili ya soma tafiya, amma gaba ɗaya kawai yake iya yi, ba ya komawa, kamar kibiya mai kunne wadda take shiga ba ta fita. Dubban silai suna kutsawa cikin juna ta haka, suna sarƙewa, har ramukan saƙa su toshe, yadin ya tsuke ya yi kauri. Abu uku ke nan ake bukata tare: danshi mai ɗumi, da sabulu, da motsi. A cikinsu motsi ne babba. Ulu yana iya kwana cikin ruwan zafi bai curu ba muddin ba a taɓa shi ba. Kuma ku riƙe wannan da kyau: abin da ya curu ba ya warwaruwa har abada. Silin roba da na auduga ba su da wannan ɓamɓaroki, saboda haka ba abin da zai kama ɗan'uwansa.

Wata za ta ce, ai ga tumaki nan birjik a rugagen Fulani daga nan har Laduga, me zai hana mu aske su? Tumakinmu na Nijeriya, da 'yankasa da uda da balami da gajerun nan na kudu, duka masu gashi ne gajere mai kaushi irin na akuya. Allah ya yi su domin ƙasar zafi, nama da fata muke samu gare su. Tumakin ulu na ƙasashen sanyi ne. Shahararriya cikinsu ita ce merino, wadda asalinta Sifen ne, amma yau Ostareliya ce kan gaba wajen noman ulunta, silinta kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na kaurin gashin kan mutum ba. A nahiyarmu ana samun ulu a Afirka ta Kudu da Lesoto da Maroko. A yammacin Afirka kuwa sai tumakin Masina a ƙasar Mali, inda Fulani masaƙa suke yin barguna da gashinsu. Ke nan duk ulun gaske da ke hannunmu baƙo ne, daga waje ya zo.

Amma aikin kansa ba baƙo ba ne a idonmu, mun daɗe muna ɗora shi a ka ba mu sani ba. Ina nufin hular dara. Jar darar nan da dattawa da dogarai suke sawa, wadda fatake suka riƙa kawowa Kano ta hamada tun zamanin raƙuma, ta asali a birnin Tunis ake yin ta, can kuma sunanta shashiya. Mata ne suke fara saƙa ta da farin ulu, ƙatuwa, sakwa-sakwa, wadda in ka gan ta ba za ka ce hula ba ce. Daga nan a kai ta a yi ta bugu cikin ruwa da sabulu, aikin da garin Battan na bakin kogin Majarda ya yi suna a kansa, har ta tsuke idon saƙa ya ɓace. Sa'an nan a taje ta da kan wata ƙaya, a rina, a ɗora a kan gungume ta ɗauki siffa. Sana'ar ta bunƙasa ne bayan da Musulmin Andalus da aka kora daga Sifen a 1609 suka sauka a Tunis da gwanintarsu, kuma Nijeriya da Nijar suna cikin manyan masu sayen wannan hula. Duk wadda ke da tsohuwar dara ta gaske a gida, ta ɗaga ta a rana ta duba sosai, wataƙila ta hangi sawun saƙar a ƙarƙashin gashin. Abin da za ku yi wa jaka shi ne abin da mutanen Tunis suke yi wa dara, ba ragi ba ƙari, sai dai ku da hannu za ku yi cikin baho.

Yanzu sai yadda za a gane ulun gaske kafin a fitar da kuɗi. Kada ki dogara da taɓawa, domin masu yin zaren roba sun gwanance, wani ma ya fi ulun laushi. Kada kuma ki dogara da rantsuwar mai shago, don sau da yawa shi ma bai sani ba. Ki roƙi ɗan guntu kamar tsawon yatsa, ki fita waje, ki riƙe shi da almakashi ko hantsaki, ki ƙyasta masa ashana. Ulun gaske da ƙyar yake kamawa, yana ƙauri irin na babbakar kan rago, da an janye wuta yakan mutu da kansa, abin da ya rage kuma baƙin gawayi ne mai rugurgujewa tsakanin yatsu. Zaren roba yakan kama nan da nan, ya narke, ya yi baƙin hayaƙi mai warin ƙonannen leda, ya bar dunƙule mai tauri kamar tsakuwa. Kada ki taɓa shi sai ya huce. Auduga kuwa warin ƙonanniyar takarda take yi, ta bar toka mai laushi. Akwai gwaji na biyu ga wadda ba ta son wuta: a jefa guntun zaren cikin ɗan ruwan bilic na wanki a bar shi ya kwana. In ulu ne zai narke, in roba ce za ki same ta da safe yadda kika bar ta.

A nan zan ɗan ratse, domin gwajin ashanan nan yana da wani darasi da ya fi jaka muhimmanci. Kusan duk kayan sanyin da ake saƙa wa jarirai a ƙasar nan, hula da safa da riga da mayafi, da zaren roba ake yin su. Ba na cewa a daina. Yana da arha, yana wankuwa, ba ya ƙaiƙayi, asu ba ya cin sa. Amma kun ga yadda yake yi da wuta. A watannin Disamba da Janairu, sa'ad da sanyi yake saukowa daga duwatsun Kagoro, gidaje da yawa sukan shigar da kaskon garwashi ɗaki, ko a zauna jin ɗumi bakin murhu da goyo a baya. Tartsatsi guda ya isa. Roba in ta narke manne wa fata take yi, ƙunarta kuma takan yi zurfi. Saboda haka duk wadda ta sayar da kayan jarirai na zaren roba, haƙƙi ne a kanta ta gaya wa uwar yaro ta nisanta shi da kasko da fitila da kyandir. Wannan magana ba ta rage miki ciniki.

Mu koma kan jaka. Ina za a sami ulun gaske, tun da sabonsa a ƙulli yana da wuyar samu, in an samu kuma tsadarsa ta fi ƙarfin mai ƙaramin jari? Amsar tana wurin masu gwanjo. Cikin dilolin tsofaffin tufafi da ake kwancewa akwai rigunan sanyi na Turai, wasunsu ulu ne zalla. Masu saye sukan guje su domin suna da nauyi, suna ƙaiƙayi, wasu kuma asu ya huda su, don haka bayan hunturu ya wuce a kan same su da rahusa. Hudar asu ba ta dame ki ba, ke ba sawa za ki yi ba. Ki duba 'yar takardar da ke wuyan rigar ko gefen cikinta. In an rubuta "100% Wool" ko "Lambswool" ko "Merino", ko kuma kika ga tambarin nan mai kama da ƙullin zare mai kusurwa uku, wanda masu noman ulu na duniya suka fito da shi a 1964, to kin dace. In an gauraya shi da roba, ulun bai kai kashi 80 cikin 100 ba, shawarata ki bar shi. Akwai kuma tarko guda: in takardar ta ce ana iya wanke rigar a inji, ko an rubuta "Superwash", ulu ne na gaske amma an shafe ɓamɓarokinsa da magani a masana'anta don kada ya tsuke. Zai ci gwajin ashana, amma ba zai curu ba. Farin ulu fat da aka sa wa bilic shi ma yakan yi taurin kai.

Da kin kawo riga gida, ki juya cikinta ki dubi ɗinkin gefe. In gefunan a haɗe suke da ɗinki mai kama da sarƙa, kowane ɓangare da bakinsa lafiyayye, to rigar za ta warwaru. Ki tsinke haɗin, ki raba hannuwa da gaba da baya, ki soma warwara daga sama, wajen kafaɗa, zuwa ƙasa. In kuwa kin ga an yanka yadin ne aka bi bakinsa da keken da ke dajiya, kada ki wahalar da kanki, guntaye za ki samu, kowane layi da nasa. Irin wannan riga akwai abin da za a yi da ita, zan zo kansa. Zaren da kika warware zai fito a nannaɗe kamar taliyar leda. Ki naɗe shi a bayan kujera, ki ɗaure wuri huɗu, ki tsoma cikin ruwan sanyi ba tare da cuɗawa ba, ki rataye a inuwa ya miƙe. Zaren masana'anta siriri ne, saboda haka ki haɗa biyu ko uku ki saƙa su tare. Babbar rigar namiji guda takan ishi jaka madaidaiciya.

Wajen saƙa akwai abin da zai yi wa gwanaye wuya, watau dole ki saƙa abin da idonki zai ce mummuna ne. Kun saba a matse hannu, saƙa ta yi tsaf. A nan sai an sassauta. Ki ɗauki kwarashi wanda ya fi na kullum kauri, mai milimita 5 ko 6, ko fiye in zaren mai kauri ne, domin silai suna bukatar fili su yi tafiya. Saƙar da aka matse ba ta curuwa daidai. Gajeren ɗauri ya fi dacewa, watau wanda ake zura kwarashi a jawo zare a rufe nan take. Dogon ɗauri yakan bar ramuka waɗanda ba sa toshewa duka. Ado mai fure ko mai ido ɓata lokaci ne, wanki zai shafe shi. In ana son ƙawa, a yi ta da launi, layi ja, layi baƙi, amma a lura zaren riguna biyu ba lalle su tsuke daidai da juna ba, jakar tana iya fitowa da ƙugu kamar kalangu.

Kafin ki taɓa jakar kanta, ki saƙa ɗan gwaji mai kusurwa huɗu, inci 8 kowane gefe. Na san wannan shi ne matakin da kowa yake so ya tsallake, ni ma da mun yi shi a gidana da ƙulli guda kaɗai muka yi asara. Ki auna shi da tef ɗin tela, ki rubuta. Ki wanke shi yadda za ki wanke jakar, ya bushe, ki sake aunawa, tsawo daban, faɗi daban, domin ba kullum suke raguwa daidai ba. A ce inci 8 ya koma 6. Ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. In kina son jaka mai faɗin inci 12, sai ki saƙa 16. Lissafin shi ne: girman da kike so, sau awon farko, a raba da awon bayan wanki. Sau da yawa raguwar tana tsakanin kashi ɗaya cikin biyar da ɗaya cikin uku, amma kowane zare da halinsa, gwajinki shi ne alƙali. Shi ne kuma zai nuna miki ko launin yana zuba.

Siffar jakar ba sai na tsawaita ba, kun fi ni sani: a yi sarƙa, a kewaye ta a fitar da gindi, a daina ƙari, a hau da jiki zagaye-zagaye har tsawon da lissafi ya bayar. Abin da zan ƙara shi ne maratayi. Maratayin ulu, ko ya curu, yana miƙewa in kaya sun yi nauyi. Ko dai a saƙa shi a kan igiyar auduga, ko kuwa a bari sai bayan wanki a kai wa baduku ya sa na fata, wanda a ganina ya fi kyau ya fi ƙarko. Ramin maɓalli kuma a zura masa tsumman auduga kafin wanki, in ba haka ba zai toshe.

Ranar curi ki tanadi baho biyu, ɗaya na ruwan zafi iyakar wanda hannu zai iya jurewa, ɗaya na ruwan sanyi. Ba a bukatar tafasasshen ruwa, ƙona hannu kawai zai yi. Sabulun wanki na sanda ya isa, kaɗan, don kumfa in ta yi yawa santsi yakan hana silai kama juna. A guji sabulun gida wanda soda ta yi masa yawa, domin soda tana cin ulu ta bar shi da kaushi, bilic kuwa kun riga kun ji abin da yake yi masa. Ki sa leda a cikin jakar don kada gaba da baya su manne da juna. Sa'an nan ki shiga cuɗawa, kina murzawa, kina matsawa kamar mai kwaɓa alkama, kina juya ta kowane gefe. Da farko za ta saki ta ƙara girma, gabanki ya faɗi. Ki ci gaba. Bayan ɗan lokaci za ki ji ta soma yin nauyi da tauri a hannu. Ki riƙa tsoma ta a ruwan sanyi kina mayarwa a na zafi, wannan yana gaggauta aikin. In hannu ya gaji a sa yara su tattaka ta da ƙafa cikin baho, haka mutanen dā suke yi wa yadin ulu a ƙasashe da yawa kafin a ƙago injin bugu. Aikin yakan ci rabin sa'a zuwa sa'a guda. Ki riƙa fitarwa kina aunawa, musamman wajen ƙarshe, domin a lokacin ne take tsukewa da sauri, kuma in ta wuce ba dawowa. Wadda ke da injin wanki tana iya sa jakar cikin rigar matashi tare da tsohon wandon jins, amma ta riƙa tsayar da injin tana dubawa.

Da ta kai girman da ake so, a ɗauraye, a naɗe cikin tawul a matse, kada a murɗa. Tun tana da danshi a ja ta a daidaita bakinta, a cusa mata gwangwani ko akwatin kwali da aka rufe da leda, daidai siffar da ake so, a ajiye a inuwa inda iska take bi. Da hunturu kwana ɗaya ko biyu ta bushe. Da damina kuwa, a wannan yanki namu mai yawan ruwa, tana iya yin kwanaki har ta yi fumfuna, saboda haka ku mai da curi aikin rani. In ta bushe a bi gashin da ya tashi da reza a hankali, a sa mata shafi na atamfa da zif.

Rigar nan da na ce ba ta warwaruwa, a cure ta ɗungum yadda take. In ta tsuke ta zama yadi mai kauri wanda ake yankawa da almakashi bakinsa ba ya zarewa. A yanka, a ɗinka, a bi bakin da kwarashi da zare mai launi. Wannan hanya ta fi sauri ƙwarai, kuma da ita nake ba mai farawa shawara ta soma. Guntayen da suka rage suna yin jakar waya da matashin ɗaukar tukunya mai zafi.

Saura maganar ciniki, kuma ba zan yi muku romon baka ba. Garin nan ya tashi ne a kan mahaɗar jirgin ƙasa tun 1927, ya saba da baƙi da sabon kaya, amma jakar ulu ba za ta yi gasar arha da jakunkunan roba da ake shigowa da su ba. Mai sayenta shi ne mai neman abin da ba kowa ke da shi ba: ɗalibai na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke nan Kafanchan, waɗanda ke son abin da zai kare kwamfuta ko waya daga bugu, da ma'aikata, da 'yan'uwa masu dawowa gida hutun ƙarshen shekara, da baƙin da ke cika Kagoro ranar 1 ga Janairu domin bikin Afan. Gidaje da yawa a Kachia da Jaba da Kagarko sun ga abin da dogaro da amfani guda yake jawowa sa'ad da cuta ta ruɓar da citta a 2023. Saƙa ba za ta maye gurbin gonar citta ba, amma jarinta riga guda ce da sabulu, kuma ana yin ta a watannin da gona take hutawa. In za ki sa kuɗi, ki lissafa riga da shafi da zif da ladan baduku da itacen dafa ruwa, sa'an nan ki lissafa kwanakin hannunki. Na lura mata da yawa sukan manta da wannan na ƙarshe, su sayar da aikin mako guda a kuɗin zare.

Ki kuma gaya wa mai saye gaskiyar kayanki. Jakar tana jure yayyafi, amma ba ta hana ruwan sama mai ƙarfi shiga. In ta yi datti a wanke ta da ruwan sanyi a hankali, in ba haka ba za ta ci gaba da tsukewa. In za a ajiye ta a akwati a sa mata kafur, a kuma riƙa fitar da ita tana shan iska, domin asu yana son ulu.

Uwargida Shugaba, na zo da rigunan gwanjo uku da ƙullin zare biyu, na cire musu takardunsu da gangan. Ga ashana, ga baho a bakin ƙofa, an kuma ce mini ruwa ya yi zafi. Ina roƙo a ba ni mata biyar su fito mu fita waje, su gaya mana wanne ne ulu.